Yadda Ake Sauraron Metal Mai Tsanani da Yadda Ake Mayar da Shi Cikin Akwatin Kiɗa

Duk wanda ya fara jin kiɗan metal mai tsanani, musamman irin wanda masu shi ke gwaje-gwaje a cikinsa, abin da kunnensa ke fara kawo masa shi ne hayaniya: jita tana gurnani, ganga tana zuba kamar ƙanƙara a kan rufin kwano, mawaƙi kuwa da ƙyar ake rabe muryarsa da ruri. Shi kuma akwatin kiɗa ɗan ƙaramin abu ne da ake juya wa hannu ya fitar da amo siriri mai zaƙi, irin wanda ake lallashin jariri da shi. Mai karatu yana iya tambayar me ya haɗa kifi da kaska. Abin da ya haɗa su shi ne akwatin ba ya iya ƙara, ba ya iya kaushi, ba ya iya jan amo, iyakar abin da yake ɗauka shi ne wane amo za a buga kuma a wane lokaci. Saboda haka wanda zai tsara masa kiɗan metal dole ne ya tuɓe wa kiɗan duk rigunansa har ya isa ga ƙashin, kuma ba a isa ga ƙashin sai da sauraro mai haƙuri. Fiye da rabin aikin a kunne yake ƙarewa kafin a taɓa takarda.

Sanin inda kiɗan ya fito yana taimaka wa kunne. Yawanci ana danganta farkon metal da ƙungiyar Black Sabbath ta birnin Bamingham a Ingila, wadda ta fitar da kundinta na farko a 1970. Makaɗin jitarsu, Tony Iommi, ya rasa kan yatsunsa biyu a wata masana'anta, kuma daga baya ya riƙa sassauta tsirkiyoyinsa domin su yi masa sauƙin dannawa, abin da ya saukar da sautin ya ƙara masa nauyi. A shekarun 1980 ne aka tsananta abin: Venom a Ingila, Bathory a Suwidin, Celtic Frost a Suwizalan, Death a jihar Fulorida ta Amurka, da Napalm Death, waɗanda kundinsu na 1987 ke ɗauke da wata waƙa da tsawonta bai fi daƙiƙa ɗaya da 'yan ɗigo ba. Masu gwaje-gwaje sun biyo baya, kuma hanyoyin da suka bi sun bambanta. Meshuggah, da aka kafa a garin Umeå na Suwidin a 1987, lissafin lokaci suka murɗe. Gorguts na lardin Kwibek a Kanada sun zaɓi haɗa amon da ba sa jituwa, kuma kundinsu na 1998 har yau da shi ake misali a wannan fanni. Sunn O))) na birnin Siyatil kuwa gudu suka cire gaba ɗaya, suna riƙe amo ɗaya yana ruri na tsawon lokaci. Yana da kyau ka riƙe wannan bambanci a zuciya, domin shi zai gaya maka wane kiɗa ne akwatin zai karɓa.

Horar da kunne

Abu na farko shi ne ka rage ƙara. Mutane da yawa suna ɗauka wannan kiɗa ba ya jiyuwa sai an ƙure masa murya, alhali ƙarar da ta wuce kima tana gajiyar da kunne cikin 'yan mintuna har komai ya cakuɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce sa'o'i 40 a mako yana sauraro a ma'aunin desibel 80, kuma da zarar ƙarar ta ƙaru, lokacin yana raguwa sosai. Mai wannan aiki zai maimaita kiɗa ɗaya sau da dama, don haka kunnensa jarinsa ne.

Zaɓi waƙa ɗaya, kada ka ɗauki kundi sukutum, sannan ka saurare ta sau da yawa, kowane karo kana bin kayan kiɗa guda ɗaya kamar sauran ba su nan. Fara da ganga. Kada ka bi babbar gangar da ake bugawa da ƙafa, domin ita ce mai gudun da ke ruɗa baƙo. Nemi farantin tagulla da makaɗin ke bugawa da sanda, wanda sau da yawa shi ke riƙe bugun zuciyar waƙar. A kiɗan Meshuggah wannan dabara tana bayyana sarai, domin hannuwan makaɗinsu, Tomas Haake, kan tsaya a kan ƙirgen huɗu-huɗu da kowa ya sani, ƙafafunsa kuma suna bin jita cikin wani ƙirge dabam. Ranar da ka kama wannan farantin ka fara gyaɗa kai tare da shi, abin da ka ɗauka rikici ne zai koma zane mai zagayawa a kan ginshiƙi tsayayye.

Akwai kuma bugun da ni nake kira bugun ƙanƙara, inda ƙaramar ganga da babba da farantin tagulla ke zuba ba ƙaƙƙautawa. Idan waƙa tana tafiya a bugu 200 cikin minti, aka kuma raba kowane bugu gida huɗu, to ana samun duka 800 a minti, wato fiye da 13 a daƙiƙa. Ba wanda ke ƙirga wannan ɗaya bayan ɗaya, kuma ba don a ƙirga aka yi shi ba. Ka ɗauke shi a matsayin bango. Abin mamaki, a saman wannan bango sau tari jita a hankali take tafiya: hannun makaɗin yana karkarwa a kan tsirkiya da sauri, amma amon da yake dannawa ba ya canzawa sai bayan bugu biyu ko huɗu. Idan ka toshe kunnenka ga karkarwar ka bi canjin amon kaɗai, za ka tarar da kari mai sanyi, wani lokaci mai ban tausayi. Wannan karin shi ne abin da muke nema.

Muryar mawaƙi kuwa, a karon farko kada ka wahalar da kanka wajen neman kalmominta. Lura da inda take shiga, da inda take yankewa, da ko tana tafiya tare da ganga ko tana saɓa mata.

Idan wani sashe ya gagari kunnenka, sa shi a manhaja irin Audacity, wadda ke iya rage gudun kiɗa ba tare da ta sauya tsayin amon ba, ka saukar da shi zuwa rabi. Daga nan sai ka yi gwajin da ban taɓa ganin ya ba da kunya ba: kashe na'urar, ka gwada rera sashen da hanci ko ƙwanƙwasa shi a kan tebur. Abin da ka iya rerawa ko ƙwanƙwasawa zai shiga akwati. Abin da ya ɓace da zarar ka kashe na'urar, daɗinsa a kaushin sauti yake, kuma akwatin ba shi da inda zai ajiye shi. A nan ne nake ganin kiɗa irin na Sunn O))) ya fi kowanne ƙin wannan aiki, duk da cewa shi ne mafi ƙarancin amo, domin rayuwarsa duka a cikin ruri mai tsawo take, haƙorin akwati kuwa da an taɓa shi amonsa ya fara mutuwa.

Sanin akwatin da iyakarsa

Ana danganta ƙirƙirar akwatin kiɗa da Antoine Favre, wani maƙerin agogo a birnin Janeba, a 1796, kuma garin Sainte-Croix na Suwizalan ya zama cibiyar sana'ar a ƙarni na 19. Zuciyar na'urar wani mataji ne na ƙarfe mai haƙora dogaye da gajeru, kowane haƙori da amonsa. A tsohon samfuri wani gangan ƙarfe mai ƙusoshi ne ke juyawa yana fizgar haƙoran, kuma waƙar a kafe take, ba ta canzuwa. Wanda ya dace da mu shi ne mai cin takarda: ana huda doguwar takarda mai kauri, a zura ta, a juya hannu, duk inda rami ya iso sai wata 'yar ƙaramar ƙafa mai kama da tauraro ta faɗa ciki ta juya ta fizgi haƙorinta.

Irin wannan akwati yakan zo da amo 15, ko 20, ko 30. Na 15 da na 20 suna da amo bakwai ne kawai na sikelin C, waɗanda ake kira da haruffan C, D, E, F, G, A da B, da ake maimaitawa sama da ƙasa, wato fararen maɓallan piyano, alhali metal mai tsanani ya dogara ƙwarai da rabin taki, wato tazarar da ke tsakanin maɓalli da maƙwabcinsa na kusa, da kuma tazarar taki uku mai sa kunne rashin natsuwa. Don haka nemi na 30. Shi ma bai cika ba. A samfurin da ya fi yaɗuwa, bisa sunayen da aka buga a takardar, can ƙasa akwai C da D, sai a tsallake zuwa G da A da B, sai C da D da E, kuma daga wannan E ɗin ne rabin taki ke jeruwa ba giɓi har zuwa C na sama, sannan D da E su rufe. Ka duba takardarka ka tabbatar, ka kuma sani cewa sunan da aka buga ba lallai ya dace da ainihin amon da kunne zai ji ba, domin akwatuna da yawa an ɗaga sautinsu gaba ɗaya. Wannan ba zai dame ka ba sai idan za ka haɗa akwatin da wani kayan kiɗa.

Iyaka mafi ciwo ita ce ta maimaici. 'Yar ƙafar nan tana buƙatar takarda ta ɗan yi tafiya kafin ta sake shiryawa, don haka haƙori ɗaya ba ya bugawa sau biyu a kusa da kusa. A yawancin takardu tazarar layi da layi milimita 4 ce, kuma ana buƙatar kimanin milimita 8, wato layi biyu, tsakanin ramuka biyu na haƙori ɗaya. Ni da wahala na koyi wannan. Takardata ta farko, na zauna na huda ramuka 32 a jere a kan haƙori guda, layi bayan layi, ina ganin na kama karkarwar jita. Da na juya hannu sai akwatin ya buga wasu ya tsallake wasu, kiɗan yana ɗingishi, tsakanin ramukan kuma takardar ta yi laushi har ta fara yagewa. Tsofaffin maƙeran Suwizalan sun san wannan matsala tun tuni, shi ya sa a manyan akwatunansu suke daidaita haƙora da yawa a kan amo ɗaya don su riƙa karɓa-karɓa. Mu ba mu da wannan gata.

Tsara kiɗan

Kada ka ce za ka ɗauki waƙa dukanta. Idan takarda tana tafiya layi huɗu a daƙiƙa, minti ɗaya zai ci layi 240, wato santimita 96. Zaɓi jimlolin kiɗa biyu ko uku waɗanda suka ci gwajin rerawa, ka rubuta amonsu, ko a takarda ko a manhaja irin MuseScore inda za ka iya saurare kafin ka yi huda.

Sannan ka yanke shawarar inda gindin kiɗan zai zauna. Tsirkiyar ƙasa ta jita mai tsirkiya shida tana kan E, wajen girgiza 82 a daƙiƙa, ta jita mai takwas kuma takan sauka zuwa wajen 46. Akwatin ba ya kusantar can, kuma ma ba shi da E a ƙasansa, saboda haka dole a ɗaga kiɗan duka a sauya masa mazauni. A ganina mazauni biyu sun fi sauran amfani. Idan jimlar tana yawan komawa kan amo ɗaya da sauri, ɗora gindinta a kan D, domin akwatin yana da D har huɗu, kuma za ka iya raba maimaicin a tsakaninsu: rami a D na ƙasa, na gaba a D na samansa, a dawo ƙasa. Kunne zai ji amo ɗaya yana rawa, kowane haƙori kuma ya sami hutunsa na layi biyu. Idan kuwa ƙarfin jimlar yana cikin rabin taki da taki uku, ɗora ta a kan B, domin C yana manne da shi a sama, F kuma yana nan a tazarar taki uku, duka a ɓangaren ƙasa inda sautin ya fi duhu. Idan wani amo ya faɗa inda babu haƙori, ɗaga shi zuwa takwaransa na sama, wato amon da ke da harafi ɗaya da shi, kafin ka yi tunanin musanya shi da wani, domin musanya rabin taki da cikakken taki tana kashe halin jimlar nan take.

Inda raba maimaici bai wadatar ba, akwai hanya biyu. Ko dai ka rage yawan bugun, ka buga amon sau huɗu a inda jita ta buga sha shida, ko ka shimfiɗa kiɗan ta yadda kowane ƙaramin bugu zai ci layi biyu, ka kuma riƙa juya hannu da sauri. Ta biyun tana ninka takarda, tana kuma ƙara ƙarar haƙoran injin. Na fi son ta farko, domin amon akwati yana daɗewa yana kaɗawa, kuma bugu huɗu a cikinsa suna cika wuri fiye da yadda ake zato.

Wurin da akwatin ya fi burge ni shi ne kiɗan ƙirge biyu, domin abin da ke wahalar da kunne, a takarda ido yana ganinsa ƙuru-ƙuru. Ga yadda za ka gwada. Auna layi 64, wato milimita 256. A kan wani haƙori na sama, huda rami a layi na 1, na 5, na 9, haka bayan kowane layi huɗu har ƙarshe. Wannan shi ne farantin tagulla. A kan D na ƙasa kuma yi zane mai tsawon layi bakwai, da rami a gurbi na 1 da na 3 da na 6, ka maimaita shi ba tsayawa. Tazarar ramukan za ta zama biyu, uku, biyu, duka cikin abin da haƙorin zai iya. Bakwai sau tara 63 ne, saura layi ɗaya, kuma a nan tarko yake: idan ka huda layi na 64 a D na ƙasa, zai manne da ramin da zai buɗe zagaye na gaba a layi na 65, ɗayansu ba zai yi magana ba. Ka bar shi fayau ko ka mayar da shi D na sama. Ɗaga takardar ka duba ta a haske, za ka ga layin sama a tsaye kamar turaku, na ƙasa yana zamewa a ƙarƙashinsa yana dawowa.

Bugun ƙanƙara kuwa kada ka yi ƙoƙarin kwaikwayonsa bugu da bugu. Ko ka bar shi gaba ɗaya, ko ka ɗauki haƙora biyu na can sama masu tazarar rabin taki su riƙa karɓa-karɓa layi bayan layi, su ba da wani ƙyalƙyali mai tayar da hankali a saman karin.

Batun amon da ba sa jituwa yana buƙatar kulawa. A jita, na'urar da ke kausasa sauti tana haifar da ƙarin amo a tsakanin waɗanda aka buga, shi ya sa amo biyu kacal ke cika ɗaki. A akwati amo biyun nan tsirara suke fitowa. Idan ka haɗa rabin taki a can ƙasa, gunaguni kawai za a ji. Raba su, ka bar ɗaya a ƙasa ka ɗaga ɗayan zuwa takwaransa na sama, sai kaifin ya fito ba tare da cakuɗewa ba. Ka tuna kuma babu abin da ke tsayar da haƙori bayan ya buga, don haka kowane amo yana shiga cikin na bayansa, kuma jimla mai sauri tana tara rashin jituwar da ba ka rubuta ba. Wani lokaci wannan kyauta ce, wani lokaci sai ka cire rami ɗaya cikin uku kafin jimlar ta fito. Kada ka jera ramuka fiye da uku ko huɗu a layi ɗaya, domin hannun zai yi tauri a daidai wurin, gudun ya tsinke. Idan kana son damin amo mai kauri, gusa kowane rami da milimita ɗaya ko biyu daga na ƙasansa, su zubo ɗaya bayan ɗaya cikin ƙiftawar ido.

Tun da akwatin ba ya ƙara murya, nauyi da wata hanya ake samo shi. Hana kunne haƙoran ƙasa na ɗan lokaci, ka bar kari shi kaɗai a sama, sannan ka sako C ko D na ƙasa tare da takwaransa. Faɗowar za ta yi nauyi saboda jiran da aka yi. Haka shiru yake aiki, sai dai inda jita ta yanke na bugu ɗaya, akwati yana buƙatar biyu ko uku kafin kaɗawar ta lafa a ji cewa an yi shiru.

Huda da gwaji

Yi alama da fensir tukuna, ka duba kibiyar da ke nuna gefen da ake zurawa, sannan ka huda daidai mahaɗar layuka, domin ramin da ya karkace zuwa gefe ba ya kama ƙafar, wanda ya gusa gaba ko baya kuma yana ɓata lokaci. Bar 'yan santimita fayau a farkon takarda don injin ya sami abin kamawa. Bayan kowane ɗan sashe tsaya ka zura ka ji, kada ka jira sai ka gama. Ramin kuskure ana rufe shi da siririn salatif ta gaba da baya. Idan za ka haɗa takarda biyu, yanke bakinsu a karkace, ka gama su baki da baki ba tare da ɗaya ta hau ɗaya ba, ka tabbatar tazarar layuka ba ta canza a mahaɗar ba.

Tun da kiɗan gwaji ake yi, takardar ma tana karɓar gwaji. Ana iya zura ta daga wutsiya kiɗan ya tafi da baya, ko a kife ta amon sama ya koma ƙasa, ko a haɗa bakinta biyu bayan an zura ta, ta zama zobe mai zagayawa ba iyaka, wanda ya dace ƙwarai da zanen layi 64 ɗin nan.

Injin shi kaɗai a hannu kusan ba ya jiyuwa, sai an danna shi a kan katako, kuma faffaɗan tebur ko akwatin katako mai rami a ciki shi ke fito da haƙoran ƙasa. Gwada wurare da dama kafin ka ɗaure shi da ƙusa. Wajen naɗa, sa makirufo kusa da katakon, nesa kaɗan da hannun juyawa, don rage ƙarar injin. Wanda ke son dawo da kaushin da aka tuɓe yana iya manna ƙaramin makirufo mai jin girgiza a jikin katakon, ya bi da sautin ta na'urar kausasa jita, amma ya fara da kaɗan, domin irin wannan makirufo yana ɗauko kukan injin da shafar takarda tare da kiɗan. Idan kuma kiɗan da ka tsara na wani ne kuma kana nufin yaɗa shi ko sayar da shi, nemi izinin masu haƙƙin mallakarsa tukuna, domin sauya masa kayan kiɗa bai mayar da shi naka ba.